Baƙin Mai a Hanyar Ubari

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Jadid da ke Sabha, mu uku, ranar Juma'ar da ta wuce. Waɗanda suka ga hoton da na sa a nan, ina tsugune a gefen titi hannuwana baƙi ƙirin har gwiwar hannu, sun yi ta tambayata ko na bar walda na koma kanikanci ne. Ban koma ba. Ga dai yadda abin ya kasance.

Mai motar dattijo ne mutumin Damagaram, magini, ɗakinsa na kallon nawa a gidan da muke haya. Duk gidan Baba muke ce masa. Ya daɗe a Sabha, idan kuna wucewa ta unguwar Sukra zai nuna maka katanga ya ce shi ya ɗora ta tun daga tushe. Siminti ya cinye masa tafin hannu, bayansa kuma ya fara ƙin ɗaukar bulo. Shi ya sa ya tattara abin da ya ajiye ya sayi tsohuwar mota, wata fara mai faɗin baya wadda ake kwantar da kujerunta, don ya riƙa ɗauko kayan lambu daga gonaki yana kawowa kasuwa. Mako uku ke nan da sayenta, kuma ba ta taɓa fita bayan gari a hannunsa ba. Wannan ce tafiyarta ta farko: za mu je wata gona a kan hanyar Ubari, inda abokinsa yake wakilin ma'aikata, su daidaita yadda zai fara ɗaukar tumatir da albasa.

Na ukunmu Bakano ne mai shayi a bakin layinmu. Ya taɓa yin yaron mota tsakanin Kano da Zariya a ƙuruciyarsa, tun daga nan yake ɗaukar kansa masanin inji. Shi ya zauna a gaba, ya ce wurin mai sauraren mota ne. Ni na baje a baya ni kaɗai, ban yi gardama ba.

Wanda bai zauna a nan ba zai yi mamakin yadda fetur yake. A gidan mai ya fi ruwan gora araha, amma sai ka same shi, kuma layin yakan cinye wuni. Baba bai da wunin da zai bayar, sai ya saya tun ranar Alhamis a wajen masu jarkoki, da tsadarsa. A bakin fita gari muka tsaya a bawaba, wato shingen bincike. Samarin da ke wurin barci bai sake su ba. Ɗaya ya leƙo, ya tambayi inda za mu, Baba ya ba shi amsa da Larabcinsa na magina wanda duk kalmominsa gajeru ne, ya duba takardun mota ya ɗaga mana hannu.

Hanyar tana da kyan gani da sassafe. A hannun dama tudun yashi ne ja, jere kamar an zana su, a hagu kuma wani dogon baƙin dutse ke bin ka bai rabuwa da kai. Tsakaninsu ne rayuwa take: dabino, ƙananan ƙauyuka, gonakin ciyawar dabbobi kore shar, da injinan ban ruwa suna ta tuf-tuf. Kwaltar kuwa sai a hankali. Wani wurin sumul, wani wurin ta farfashe kamar tafin ƙafar manomi, wani wurin yashi ya hau rabinta. Baba na tuƙi da hannu biyu, ƙirjinsa kusan a kan sitiyari, bai wuce gudun da babur zai iya cim masa ba. Bakano ya ce a haka za mu isa ranar Asabar. Baba ya ce ai Asabar ɗin ma rana ce.

Mun karya a wani ɗan shago a gefen hanya. Burodi ne dogo aka tsaga aka cusa kifin gwangwani da jan barkonon nan nasu, sai shayi mai kumfa a ƙaramin kofi. Burodin nan shi ne abin da har yanzu talaka ke iya saya ba tare da ya yi tunani ba. Bakano ya kurɓi shayin ya ɓata fuska, ya ce an dafa ganyen har ya mutu, amma kofi uku ya sha.

Wajen ƙarfe tara muka sauka daga kwalta muka kama turbar gonar. Turba ce ta manyan motoci, tsakiyarta ya yi tudu, gefe da gefe ya zurma. Ba mu yi nisa ba muka ji ƙasan motar ya daki dutse, ƙara ɗaya, kwas. Baba ya taka birki, muka yi shiru muna saurare. Inji na aiki yadda yake. Bakano ya ce salansa ce ta gogi ƙasa. Muka ci gaba. Yau da nake rubutun nan, na san a wannan wurin ya kamata ɗayanmu ya sauka ya kwanta ya leƙa. Ni ne ƙarami, ni ya kamata, kuma ban sauka ba.

A gonar aka tarbe mu da murna. Ma'aikatan duk mutanen gida ne, daga Tanut, daga Mirriya, daga Tasawa, an daɗe ba a ga baƙo ba. Lokacin yankan dabino ne, aka cika mana faranti da sabo, mai laushi, yana manne wa yatsa. Aka ɗora taliyar nan da ake dafawa a cikin miyar tumatir a tukunya ɗaya, kowa da cokalinsa. Baba da abokinsa suka zaga kwamin tumatir suna magana, suka dawo fuskar kowa a sake. Magana ta yiwu.

Muna shirin cin abinci na ji nishi daga ɗakin kwanon da ke bayanmu. Wakilin ya ce wani ma'aikacinsu ne, magidanci mutumin Tanut, tsohon ƙarfe ya soke shi a tafin ƙafa yana gyaran bututun ruwa, kwana tara ke nan. Muka shiga. Tun daga ƙofa warin ya gaya mana komai. Ƙafar ta kumbura har ƙauri, tana ƙyalli, yatsu biyu sun yi baƙi, jikinsa kamar garwashi. An kai shi ɗakin shan magani na ƙauyen, aka ba shi ƙwayoyi aka ce a wuce da shi Sabha. Mai gonar yana Tarabulus, motar gonar tana wajen ɗansa, shi kuma maras lafiyar yana tsoron shingayen hanya don takardunsa ba su cika ba. Haka kwanakin suka yi ta tafiya.

Baba bai taɓa ganin mutumin nan ba sai ranar. Ya tsuguna, ya dafa goshinsa, ya ce, "Malam, za ka iya zaman mota?"

"Ba na son in ɗora muku nauyi," in ji shi.

"Ba nauyi. Gida za mu, kai ma hanyarka ce."

Muka kwantar da kujerun baya, aka shimfiɗa katifa. A lokacin ne Bakano ya ga baƙin tabo a kan yashi, daidai ƙarƙashin inji, faɗinsa kamar faifai. Na ba shi gaskiyarsa a nan, shi ya fara gani. Baba ya buɗe gaban motar, ya zaro tsinken auna baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man ya sauka, amma yana tsakiyar alama. Ya ce tsohuwar mota ba ta rasa ɗigo. Duk mun so mu yarda da hakan, sai muka yarda. Wajen sha ɗaya da rabi muka kamo hanya, ni a takure a gefen maras lafiya ina riƙe masa ƙafar kada ta bugu.

Mun yi kamar rabin sa'a a kan kwalta sai jar fitilar nan mai hoton ƙaramar buta ta fara ƙiftawa a gaban Baba. Ta kawo, ta ɗauke, ta kawo. Ya gangara gefe ya kashe mota nan take. Na sauka na dubi baya, ga ɗigon baƙin mai a jere a kan kwalta har iya ganina. Tsinken ya fito kusan a bushe.

Na kwanta a ƙasa na shiga ƙarƙashi. Kaskon da ke riƙe baƙin mai a ƙasan inji ya tsage, tsawon ɗan yatsa, man na fitowa ɗis-ɗis kamar famfon da ba a ɗaure ba, kuma da zafinsa. Aikin da ba zai ɗauke ni rabin sa'a ba a shagona. Ga ni mai walda, ga tsaga a gaban hancina, ba injin walda, ba wuta, ba ko wayar walda ɗaya. Bakano ya ce a kwaɓa sabulu a liƙe, haka suke yi a hanyar Zariya. Muka gwada. Sabulun ya narke ya biyo man ya sauko mini a wuya. Daga ƙarshe na yaga tsohuwar robar taya, na naɗe tsumma, na ɗaure da waya iya ƙarfina. Ɗigon ya ragu, bai tsaya ba. Baba na da gora ɗaya ta baƙin mai a baya, lita ɗaya, muka juye. Fitilar ta mutu, muka tashi.

Kada ku manta Juma'a ce, kuma lokacin masallaci. Duk shagon da muka wuce a kulle. Ba mu yi nisa sosai ba fitilar ta dawo. Muka sake tsayawa kusa da wani gida mai shingen ganyen dabino. Wani tsohon Buzu ya fito yana dogara sanda, ya ce ƙafafunsa ne suka hana shi zuwa masallaci. Da ya ji muna Hausa sai ya juya harshe, irin ta Agadas, a hankali, yana jan kalmomi. Ya leƙa ya ga mai ƙafa, bai tambayi komai ba, ya koma ciki ya fito da jarkar man injin ban ruwansa, saura kamar lita biyu a ciki. Bakano ya fara bayanin cewa wannan na injin gas ne, kaurinsa daban. Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗana, da shi da babu, wanne ya fi kauri?" Bakano ya karɓi jarkar da hannu biyu. Baba ya sa hannu a aljihu, tsohon ya juya baya kamar bai gani ba. Ya ce da motarsu na gida da ya sa an kai mu, amma ƴaƴansa sun tafi da ita. Ya ƙara mana gorar ruwa mai sanyi.

Da wannan man muka yi mafi yawan hanyar, muna tafiya muna tsayawa, muna zuba kaɗan-kaɗan. Rana ta take. Maras lafiyar da farko yana amsa mini idan na yi masa sannu, har ya gaya mini ƴaƴansa huɗu, babbar tana koyon ɗinki. Daga baya sai ya fara kiran sunayen da ban sani ba. Daga baya ya yi shiru, sai rawar sanyi, haƙoransa na haɗuwa a cikin wannan zafin.

Saura kamar kilomita ashirin mu shiga Sabha muka juye ɗigon ƙarshe, kuma bai daɗe ba. Fitilar ta kawo ta zauna daram. Sai wata ƙara ta taso daga inji, siririya, tik-tik-tik, kamar ana buga ƙusa da cokali. Baba ya kashe.

Muka kira duk wanda muka sani. Wayoyi da yawa a kashe, mutane na barcin bayan Juma'a. Mutum ɗaya mai mota ya ɗauka, ya ce wallahi ko ɗigon fetur babu a tankinsa. Motoci biyu suka wuce mu, mun ɗaga hannu, ba su tsaya ba. Ban ga laifinsu ba. A hanyar nan, baƙi uku tsaye a gefen titi da tsakar rana, ba kowa ke taka birki ba. Na jiƙa tsumma na goga wa mutumin a leɓe, bai motsa ba. Na kira shi, idonsa a rabin buɗe, ba ya ganina.

Bakano ya sunkuya ta taga, muryarsa ƙasa-ƙasa, duk barkwancin ya tafi. "Dattijo, in gaya maka gaskiya. In ka tayar da ita a haka, inji zai buga. Ba wai ƙila ba."

Baba na zaune, hannayensa a kan sitiyari. Ya juyo ya dubi mutumin da ke kwance, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dubi hanya.

"Na ji," ya ce. "Ku shiga."

Ban taɓa yin tafiya irin wannan ba. Baba bai matsa mata ba, ya sa giya babba yana tafiya a hankali, duk inda hanya ta ɗan gangara sai ya kashe inji ya bar ta ta silale, sannan ya sake tayarwa. Duk tayarwa ƙarar na ƙara kauri. Tik-tik ya koma ƙwaƙ-ƙwaƙ, ya koma kamar ana dakan ƙarfe a turmi. Wari na ƙonewa ya cika motar. Ina ganin gefen fuskar Baba, duk bugu ɗaya sai fatar kuncinsa ta motsa, leɓensa na ta addu'a. A bawaba samarin suka ji ƙarar tun daga nesa, ɗaya ya leƙa baya ya ga ƙafar, ya toshe hanci, ya ce mu wuce, ko takarda bai nema ba.

Muna hango katangar asibiti motar ta yi wata jijjiga ta mutu. Ni da Bakano muka tura ta sauran, Baba na riƙe da sitiyari. Muka ɗauki mutumin da katifarsa muka shiga da shi. Aka karɓe shi, aka sa masa ruwa, aka ce mu jira a waje.

Gab da magariba muka dawo Jadid a ƙafa, mun bar motar a hannun mai gadi. Mutanen gida suka taso da tambaya, ina mota, ina tumatir. Baba ya ce gobe, ya shige ɗaki. Na kai masa abinci, da safe na tarar da kwanon yadda na ajiye shi.

Ranar Asabar aka ja motar zuwa garejin wani bakanike mutumin Maraɗi a unguwar Abdulkafi. Ya kwance kaskon, ya karkata shi a rana ya nuna mana. A cikin ɗan man da ya rage akwai ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. Ya kuma nuna mana wani abu: tsagar ba sabuwa ba ce. An taɓa liƙe ta da gam, aka shafe da baƙin fenti. Dutsen gam ɗin kawai ya ɓalle. Bakano ya harzuƙa, ya ce a koma wajen wanda ya sayar. Baba ya ce motar ta bi hannu nawa kafin ta zo gare shi, wa ya san wanda ya liƙe, ƙila shi ma haka ya saya. Bai koma ba.

Kwana uku bakaniken ya yi kafin ya gama buɗe injin, kwana ukun nan kuwa Baba kullum yana zaune a kan tsohuwar taya a ƙofar garejin. Ƙananan ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, waɗanda mu muke kira kusine, Bakano ke kira metal, sun cinye gaba ɗaya. Sandar kanta ta karce, amma ba ta lanƙwashe ba, an ce za a iya goge ta. Kaskon ni na yi masa walda da hannuna, ciki da waje, har bakaniken ya ce ya isa haka, ba tankin yaƙi ba ne. Jiya aka tayar da ita. Tana tafiya. Da sanyin safiya akwai ƴar ƙara a cikinta, kuma tana ɗan fitar da hayaƙi. Baba ya tambayi bakaniken ko za ta daɗe. Ya ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Za ta iya shekara biyu, za ta iya wata biyu. Ka riƙa sauraronta, kada ka cika mata kaya." Tumatir ɗin da aka yi magana kuwa, wakilin ya ce zai jira shi.

Mutumin Tanut an cire masa yatsun nan biyu, ƙafar ta tsira. Ranar da muka je duba shi ya riga ya ji labarin injin. Yana ganin Baba ya juya fuska bango. Da ƙyar ya ce, "Baba, na kashe maka mota." Baba ya zauna a bakin gadon, ya ce mota tana gareji ana yi mata abin da ake yi masa a nan, kowa ya ji da jinyarsa. Ya ɓare masa lemo ya sa shi ya ci.

Ga masu tambayata abin da na koyo, na farko mai sauƙi ne. In za ka sayi tsohuwar mota, kada ka tsaya kallon fenti da kujeru, ka kwanta ka leƙa ƙasanta, ka sa farce ka karci duk inda ya fi sauran baƙi. In ƙasanta ya daki wani abu a hanya, ka sauka ka duba ko da kana sauri. Ka riƙe baƙin mai fiye da gora ɗaya. In jar butar nan ta kawo, ka kashe inji nan take, domin tafiyar minti kaɗan ta isa ta cinye abin da ka yi shekaru kana tarawa. Wannan ita ce ƙa'ida, kuma gaskiya ce. Amma na zauna a motar da aka karya ta da gangan, ina riƙe da ƙafar mutum, kuma ba zan iya cewa an yi kuskure ba.

Muna dawowa daga asibitin ni da Baba a ƙafa, na kasa haƙuri na tambaye shi ko akwai lokacin da yake cewa da ma ya ƙara jira kaɗan, ƙila wata motar ta tsaya.

"Ina tunanin hakan," ya ce. "Kullum in na ji ƙarar nan sai na yi. Amma da na jira mutumin nan ya cika a bayana, motar tana nan lafiya lau, ni ne ban san yadda zan sake zama a cikinta ba."